Addini da Tuna Baya a Adabin Hausa: Nazarin Tarihin Kano da Ganɗoki Bisa Ma'aunin Ɗambatta

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda wasu rubuce-rubucen ƙasar Hausa suka yi amfani da addini wajen tsara labarin abin da ya wuce, da kuma irin kamannin da wannan tsari ya ba al'ummar da ke karanta su. Abin da ya jawo hankalinmu ga batun shi ne aikinmu na horar da malaman makaranta. Ɗalibin da ya fita daga hannunmu shi ne zai tsaya gaban allo a Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunci ya gaya wa yara ko su wane ne kakanninsu. In guntun labari muka ba shi, guntun zai yi ta raba wa yara har ranar da ya ajiye alli.

Ayyuka uku za mu feɗe: Tarihin Kano, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da waƙar Malam Sa'adu Zungur mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Sa'an nan mu auna su da tarihin garin Ɗambatta, mu ga abin da suka ɗauka da abin da suka zubar. Amma kafin haka za mu leƙa ƙasar Girka, gama can ne aka fi ganin wannan al'amari a fili, kuma mutum ya fi saurin gane tabon da ke fuskar wani bisa ga wanda ke tasa.

2.0 Abin da Ya Faru a Girka

Girkawa suna da gado iri biyu da ba su cika jituwa ba. Na farko shi ne na mutanen dauri, su Aflatun, waɗanda suka rayu cikin bautar gumaka. Na biyu kuwa na Daular Rum ta Gabas ne, daular Kirista, wadda babban birninta, watau Istambul ta yau, ya faɗa hannun Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ran 29 ga Mayu, 1453. Daga nan suka yi kusan shekara 400 ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda take kasa talakawanta bisa ga addini. Saboda haka coci ta zama ita ce uwa ita ce uba ga Girkawa.

Da suka yi tawaye a 1821 suka kafa ƙasa, sai aka shiga neman zaren da zai ɗinke gadon nan biyu. A 1830 wani Bajamushe, Fallmerayer, ya yi da'awar cewa Girkawan zamani ba jinin mutanen dauri ba ne. Masanin tarihi Paparrigopoulos ya mayar da martani da babban littafinsa da ya fara fitowa a 1860, inda ya jera zamani uku, na dauri da na Rum da na yau, ya ce al'umma ɗaya ce ta ratso su duka ba ta yanke ba. A 1838 kuma hukuma ta tsai da 25 ga Maris a kan ranar tuna tawayen, ranar da ta dace da bikin coci na busharar da Mala'ika Jibrilu ya yi wa Nana Maryamu. Ta haka haihuwar ƙasa da bikin addini suka zama abu guda, ko da yake shugaban cocin na Istambul, Gregorios na Biyar, ya la'anci masu tawayen tun da fari, kuma hakan bai hana Turkawa rataye shi a cikin shekarar ba.

Akwai kuma tarihihin makarantar ɓoye, wai Turkawa sun hana karatun Girkanci, sai limaman coci suka riƙa koya wa yara da dare a asirce. Mai zane Gyzis ya zana wannan hoto wajen 1886, ya shiga littattafan makaranta, har ya hau takardar kuɗi. A 1997 masani Alkis Angelou ya nuna babu wata shaida ta wancan zamani da ta tabbatar da labarin, alhali an san makarantun Girkawa da suka yi aiki a sarari. Duk da haka, a 2007 sai da aka janye wani littafin tarihi na aji shida saboda hayaniyar da aka yi cewa ya rage wa coci daraja. Haka nan a shekara ta 2000, da gwamnati ta cire layin addini daga katin shaidar ɗan ƙasa, Babban Limamin Atina Christodoulos ya tara sa hannun mutane wajen miliyan uku don nuna ƙin yarda.

Abu mafi nauyi shi ne yarjejeniyar Lozan ta 1923, wadda ta yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya. Addini aka duba. Kirista mai jin Turkanci kaɗai aka tura shi Girka, Musulmin tsibirin Kirit mai jin Girkanci kaɗai aka tura shi Turkiyya. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka yi yamma, wajen 400,000 suka yi gabas. Wannan ya nuna mana cewa labarin da al'umma ke ba kanta yana iya tayar da mutum daga gidan ubansa.

3.0 Tarihin Kano: Ɗinkin Tsoho da Sabo

Tarihin Kano da Larabci aka rubuta shi. H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908, fassarar Hausa kuwa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Labarinsa ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello (1882 zuwa 1893), abin da ya sa masana irin su Murray Last suke ganin a zamaninsa aka harhaɗa shi. Ke nan marubucin yana zaune ne ƙarƙashin mulkin jikokin masu jihadi, fiye da shekara saba'in bayan faɗuwar sarakunan Haɓe.

Mai karatu zai zaci irin wannan marubuci zai raba tarihi gida biyu, duhu kafin jihadi da haske bayansa. Bai yi haka ba. Ya fara da Barbushe da Tsumburbura a Dala, ya bi ta kan Bagauda, ya kawo zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), ya yi wa Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) yabo mai yawa. Da ya iso ga jihadi bai sake lissafi ba: Alwali shi ne sarki na 43, Malam Sulaimanu na 44, Ibrahim Dabo na 45. Wannan jeri shi ne babbar hujjar littafin, ko da yake bai furta ta ba. Ma'anarta ita ce Kano ɗaya ce, gadon sarauta ɗaya ne, masu zama a kansa ne suke sauyawa. Aikin da Paparrigopoulos ya yi wa Girkawa da mujalladai, shi marubucin nan ya yi wa Kanawa da lambobi. Abin da ya faru a zahiri ma ya goyi bayansa, domin sababbin sarakuna sun shiga Gidan Rumfa, kuma Dabo ya raya tsofaffin sarautun Haɓe ya naɗa wa manyan jama'arsa.

Wurin da gwanintar marubucin ta fi fitowa shi ne labarin Dirki. Dirki wani abu ne da aka naɗe da fatu, ana yi masa yanka in masifa ta taso. Littafin ya nuna manyan gari sun matsa wa Alwali ya ba da shanu, ya bayar har ya gaji, sa'an nan ya sa aka sare Dirki da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka yi masa baki cewa yadda ya fid da Littafin daga mazauninsa, haka za a fid da shi daga ƙasar. Haka kuwa aka yi, aka kore shi, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Sau da yawa akan karanta wannan labari a aji a kan shaidar cewa sarakunan Haɓe sun gauraya Musulunci da tsafi. Lalle akwai wannan a ciki. Amma mu lura da wanda ya fasa Dirki: Alwali ne, watau sarkin da masu jihadi suka yaƙa shi ne ya ƙi ci gaba da yankan, ya aikata abin da mai wa'azi zai so a aikata. Mu lura kuma da abin da aka tarar a ciki. A ganinmu marubucin yana faɗin abu biyu a lokaci guda. Ga masu mulki yana cewa faɗuwar Alwali ƙaddara ce da ba makawa. Ga tsofaffin gidajen Kano kuwa yana cewa ko a ƙarƙashin fatun nan, Musulunci ne cibiyar garin tun kafin zuwan tuta. Malamin da ya koyar da rabin farko ya bar na biyu ya tauye littafin.

4.0 Ganɗoki: Mai da Kaye Nasara

Ganɗoki yana cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Marubucinsa, Malam Bello Kagara, wan Abubakar Imam ne, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. An haife shi wajen 1890 a yankin da ke ƙarƙashin Kwantagora, saboda haka zuwan Turawa a 1901 ya same shi da wayonsa.

Ana iya kasa littafin kashi uku. A kashi na farko tauraron yana ba da labarin yaƙe-yaƙen Kwantagora da gwabzawarsa da rundunar Turawa, cikin kirari da zuga irin na mazan jiya, har zuwa ƙaurar da aka yi gabas. Wannan kashi yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da tarihi: Kwantagora ta faɗi a 1901, Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris, sa'an nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na shekarar. A kashi na biyu sai ƙasa ta suɓuce daga ƙarƙashin labarin. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljanu da ƙasashe masu nisa, suna yaƙi suna cin nasara suna musuluntar da mutane, suka kuma sauke farali. A kashi na uku ya komo gida ya tarar da zaman lafiya da abubuwan zamani, ya yaba, ya kuma kwaɗaitar da yara neman ilmi.

Manazarta da dama sun ɗauki kashi na biyu a kan rauni, suna cewa marubucin ya rasa yadda zai ci gaba sai ya koma ga salon tatsuniya da na Dare Dubu da Ɗaya. Mu ba mu ga haka ba. Tambayar da ke gaban mutanen zamanin Bello Kagara ita ce: in mu ne masu gaskiya, yaya aka yi aka ci mu da yaƙi? Ba shi da halin ya sauya sakamakon Burmi, gama waɗanda suka ga ranar suna da rai. Ba shi kuma da halin ya bar jaruminsa cikin ƙasƙanci. Sai ya ɗauke jihadin daga filin da bindiga mai ruwa ta yi rinjaye, ya kai shi filin da takobi da addu'a ke da amfani. Can Ganɗoki ya rama abin da aka yi masa a nan. Girkawa ma suna da makamancin wannan, domin tarihihinsu ya ce sarkinsu na ƙarshe bai mutu a 1453 ba, mala'ika ne ya mai da shi dutse ya ɓoye shi har ranar da zai tashi ya karɓi birninsa. Al'ummar da aka kayar takan nemi inda za ta ajiye mutuncinta kafin gari ya waye.

Inda muke da ja da littafin shi ne kashi na uku. Sulhun ya zo da sauƙi ƙwarai. Mutumin da ya ga Burmi ya komo yana yaba sabon zamani ba tare da ya tambayi ina waɗanda suka tafi tare ba. Alhali kuwa dubban mabiyan Attahiru ba su komo ba. Sun wuce har Sudan ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Bai kuma tsaya a kan mutanen da hare-haren Kwantagora suka mayar bayi ba, sai dai a matsayin abin da jarumi ke nuna bajinta a kansu. In muka kwatanta da Kaftin Mihalis na Kazantzakis, wanda ya fito a 1953 a kan tawayen Kirit, za mu ga can jarumin ya ƙi sulhu har ya mutu. Bambancin a fili yake: Kazantzakis ya yi rubutu bayan Turkawa sun tafi, Bello Kagara kuwa ya miƙa rubutunsa ne ga jami'in gwamnatin da ta ci ƙasarsa. Wajibi ne ɗalibi ya san wannan kafin ya yanke wa littafin hukunci.

5.0 Sa'adu Zungur: Kiran Magabata Shaida

Wajen 1950, lokacin da ake ta muhawara a kan tsarin mulkin Nijeriya, Malam Sa'adu Zungur ya tsara Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. A nan tarihi ya tashi daga abin ta'aziyya ya koma bulala. Mawaƙin ya tuna wa sarakuna gadon Shehu Usmanu na ilmi da adalci, ya gargaɗe su da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947, ya nuna in ba su gyara ba sarauta za ta kuɓuce musu. Abin lura shi ne sunan da ya kira al'ummar da shi, watau Arewa. Wannan suna iyakokinsa na Turawa ne, ya haɗa da Barno wadda ta yaƙi masu jihadi, da ƙasashen da tuta ba ta taɓa isa ba. Waƙar ta ɗauki rigar daular Sakkwato ta sanya wa jihar da Lugga ya shata.

Daga nan kowane ɓangare ya kama Shehu ya ce nasa ne. Jam'iyyar NPC ta Sardauna, wanda jinin Sarkin Musulmi Bello ne, ta riƙe shi a kan tushen sarauta. NEPU kuwa, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma Magaji Ɗambatta yana cikin mutum takwas da suka kafa ta, ta riƙe shi a kan malamin da ya tsaya wa talaka gaban sarakuna. Tarihi ɗaya, hujja biyu masu karo da juna.

6.0 Ma'aunin Ɗambatta

Yanzu sai mu kawo waɗannan ayyuka ƙasar Ɗambatta mu ga ko sun ɗauke ta. Sunan da ya fi fice a tarihin garin a farkon ƙarni na 19 shi ne Ɗantunku. Ruwayoyi sun nuna da fari yana tare da Alwali, daga baya ya koma wajen masu jihadi, ya taimaka aka karya rundunar Haɓe a Ɗanyaya. Da Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819 sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi shekaru ana yaƙi, Kanawa suka fid da shi daga Ɗambatta, ya koma cikin duwatsun Kazaure, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani ya tabbatar wa Kazaure da zaman kanta wajen 1824. Ɗambatta ta zauna a Kano, daga baya ta zama mazaunin Sarkin Bai na gidan Dambazawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Kazaure kuwa ta shiga Jihar Jigawa a 1991.

To, a nan awon addini ya kasa. Dabo Musulmi ne, Ɗantunku Musulmi ne, dukansu Fulani, dukansu suna kai caffa Sakkwato. Ba a iya cewa wannan haske wancan duhu. A Kano ɗan tawaye ne, a Kazaure kuwa uban ƙasa ne, tsakanin garuruwan biyu kuma tafiya ce ƙanƙanuwa. Saboda labarin bai shiga ƙwaryar da aka tanada ba, akan tsallake shi a aji, kamar yadda akan ratsa Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 da sauri. Yaron Ɗambatta yana iya jero masu tuta, amma bai san abin da ya sa iyakar jiha ta bi ta bayan garinsu ba. Tambayar wane gari ke bin wane sarki ma ba ta mutu ba, gama dokar 2019 ta sanya Ɗambatta cikin masarautar Bichi, dokar 2024 ta soke wannan tsari.

Akwai kuma waɗanda ayyukan nan uku suka bari a bakin ƙofa, watau Maguzawan karkarar Kano da Katsina, waɗanda J. H. Greenberg ya yi nazarin addininsu ya buga a 1946. Hausa ce harshensu na uwa, gonakinsu na kaka da kakanni ne. A Tarihin Kano su ne mutanen da sarakuna suka murƙushe, a Ganɗoki irinsu abin musuluntarwa ne, a waƙar Sa'adu ba su ne abin magana ba. In muka bar kalmar Bahaushe ta zama daidai da kalmar Musulmi ba ragi ba ƙari, mun bi sawun masu yarjejeniyar Lozan, mun cire mutum daga harshensa saboda abin da yake bauta wa.

7.0 Kammalawa

Ba muna cewa a raba tarihin Hausa da Musulunci ba ne. Wanda ya yi haka ya yi ƙarya, domin da harafin Larabci aka fara rubuta shi, malamai ne kuma suka adana shi. Abin da muke cewa shi ne a rarrabe tsakanin addini da amfanin da kowane marubuci ya yi da shi a zamaninsa. Mai Tarihin Kano ya yi ɗinki da shi, Bello Kagara ya yi jinya da shi, Sa'adu Zungur ya yi gargaɗi da shi, kowannensu kuma akwai wanda ya bari a waje.

Shawararmu ga kwalejojin horon malamai guda uku ce. Ta farko, a riƙa karanta Tarihin Kano tare da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi, don ɗalibi ya ga jihadi ɗaya ta taga uku. Ta biyu, kada a koyar da Ganɗoki sai an gaya wa ɗalibai wanda ya shirya gasar da abin da ya sami mutanen Burmi. Ta uku, a tura ɗalibai Ɗambatta da Kazaure su ɗauko labarin Ɗantunku daga bakin dattawan kowane gefe, su ajiye ruwayoyin biyu yadda suka ji su.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Sarkin Musulmi Bello da kansa, cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno waɗanda ke tuhumar hujjar yaƙin, sa'an nan ya ba da amsa. Bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba, ya bar wa na baya su karanta su auna. Abin da jagoran jihadi bai ji tsoron rubutawa ba, bai kamata malamin makaranta ya ji tsoron koyarwa ba. Allah ya sa mu dace.